Tabon da ke Gindin Harsashi

Ranar Litinin da hantsi masu saran itace suka tsinci gawar Alojz, mai gadin dajinmu, a gangaren Baƙin Rafi. Harbi ɗaya ne, a ciki, ƙasa da haƙarƙari. Tun safiyar Lahadi ya fita zagaye bai dawo ba, matarsa Rozalia kuwa ta ɗauka a bukkar maharba ya kwana, kamar yadda yakan yi.

Kafin a aiko kirana rabin ƙauye ya riga ya hau dutsen. Shekara talatin na yi ina bin sawun dabbobin da maharba suka ji wa rauni, ban taɓa ganin wurin da aka tattake haka ba. Dusar ƙanƙarar farko ta sauka ranar Asabar, siririya, irin wadda take riƙe sawu tsaf. Sun mai da ita caɓi.

Wani laftana ya zo daga birni, Korda sunansa, da takalmin ofis a ƙafarsa. Ya dube ni, ya dubi karyata Asta.

"Kai ne Imrich mai bin sawu? An ce kana karanta ƙasa. To, karanta mana."

"Kwamared Laftana, an riga an yi rawa a kan takardar."

Duk da haka na durƙusa. Gawar tana jingine da wani kututture, kuma tsakaninta da kututturen babu wanda ya taka. A nan na ga gurbin gwiwoyi biyu, sun narkar da ƙanƙarar har ganye ya fito. Wani ya daɗe a durƙushe. Hular Alojz kuma tana ƙarƙashin kansa, a ninke.

"Wanda aka harba ba ya ninke hularsa ya yi matashi da ita," na ce. "Wani ya zo ya same shi da ransa, ya gyara masa kwanciya, sannan ya tafi."

"Ina ya tafi?"

Na bi sawun. Takalmin roba ne, irin wanda kantin ƙauye yake sayarwa, kowa da shi. Ya gangara da gudu, taku mai nisa, har ya shiga hanyar da ake jan gungume. A nan ya ɓace, domin da sassafen ranar dokin Gejza ya ja itace ta wurin ya share komai.

Da jin sunan, sai mutanen da ke bayanmu suka soma magana gaba ɗaya.

Gejza ɗan Roma ne, ƙabilar da ake ƙyama a wajenmu, gidansa yana ƙarshen ƙauye, bayan gada. Shi yake jan gungume da doki a wuraren da tarakta ba ta hawa. Watan da ya wuce Alojz ya kama shi da tarkon zomo, ya mare shi a ƙofar mashaya, Gejza kuma ya ce za su haɗu. Mutum goma sun ji. Kafin azahar an zaro wata guntuwar bindiga daga cikin ciyawar dokinsa, an saka shi a mota. Likita ya ce bai sami komai a cikin gawar ba sai ɓurɓushin dalma na ƙaramin harsashi. Wannan ya ishi Korda.

*

Washegari da safe na tarar da Etela, matar Gejza, tsaye a ƙofar shingena. Ba ta shigo ba. Ba su saba shiga gidajenmu ba, mu ma ba mu saba cewa su shigo ba. Ujo ta kira ni, wato kawu.

"Ujo Imrich, kai ka san shi. Ɓarawon zomo ne, ban musa ba. Amma bindigar nan ta kakansa ce, tsatsa ta cinye ta, ko kaza ba ta kashewa."

"Ki faɗa wa laftana mana."

"Na faɗa masa, ya ce in tafi in yi wanka. Jiya sun hana ni ganinsa. Ujo, idan suka riƙe shi mako guda zai sa hannu a duk takardar da suka ba shi. Ba ya karatu."

Na ce mata zan sake dubawa. Ban yi mata alkawarin komai ba.

Na koma dutsen ni da Asta. Wannan karon ban je wurin gawar ba, na yi kewaye mai faɗi ta sama inda ba a tattake ba. Wajen taku tamanin na sami inda maharbin ya tsaya, bayan wata babbar bishiyar buk, ya jingina kafaɗa. Na tsaya a gurbinsa na duba gaba. Daga nan ba a ganin inda Alojz ya faɗi, ƙananan itatuwa sun tare. Abin da ake gani fili ne ta hagu, kuma a filin na sami sawun barewa: ta tsaya tana kiwo, sai ta yi tsalle ɗaya ta ɓace. Babu jini.

Ashe barewa aka harba.

Na koma bayan bishiyar, na miƙa sandata kamar bindiga, na bi layin a hankali ina duba kowane reshe. A tsakiya na sami wani ɗan itace mai kaurin babban yatsa da sabon rauni a gefensa. Harsashin ya goge shi, ya fashe, ya kauce dama. Cikin raunin wani abu yana ƙyalli. Na sa wuƙa na ciro shi: ɗan ɓallin tagulla, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Gindin harsashi ne.

A shekarun nan harsashin farauta na kanti sai wanda ya san wani a birni. Shi ya sa Vendel, mijin yayata Hedviga, wanda yake gyaran injuna a masana'antar katako, ya ƙera wa kansa abin matsi. Yana tattara kwanson ƙananan harsasai da aka riga aka harba, yawanci a filin atisayen harbi, ya matse su su zama riga, ya cusa musu dalma, ya fitar da harsashi mai tsini kamar na kamfani. Masu bindigar farauta mai ƙaramin baki a ƙauyenmu su uku ne: shi, da Cyril malamin makaranta, da marigayin kansa. Duka Vendel yake yi wa. Rigar siririya ce, shi ya sa take fashewa ko a kan reshe. Kuma duk yadda aka matse kwanso, tabon da ƙusar bugu ta bindigar farko ta yi masa a gindi lokacin harbi ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Na goge ɓallin da yawu, na juya shi a hasken rana.

Tabon bindigogin filin atisaye dogo ne siriri, kowa ya san shi. Wannan mai kusurwa huɗu ne, da ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya.

Na zauna a kan ƙanƙarar. Na san ƙusar da take yin tabon nan, domin ni na goge ta da hannuna daga wani guntun ƙarfe lokacin da ta asali ta karye. Tana cikin ƙaramar bindigar da mahaifina ya ɓoye bayan yaƙi, wadda ba ta da takarda, wadda take rataye cikin bututun hayaƙin tsohuwar rumfata. Da ita nake ƙarasa dabbar da ta faɗa tarko. Ba na barin kwanso a daji. Ina tara su a gwangwanin shayi, idan ya cika in kai wa Vendel.

Na saka ɓallin a akwatin ashana. Na sauko. Na wuce ta gaban ofishin da Korda yake zaune, ban shiga ba.

*

Ranar Laraba na je wurin Cyril. Na gaya wa kaina cewa bincike nake yi. Gaskiyar ita ce ina fata ne. Idan Vendel ya haɗa kwansona da na filin atisaye, to harsashin zai iya fitowa daga aljihun kowa. Cyril kuma yana da tsohuwar gaba da Alojz a kan iyakar lambu.

Na same shi yana faskare a bayan makaranta.

"A'a, babban mai bincike! Ka zo kama ni ne? Bari in sa riga."

"Ina kake ranar Lahadi da safe, Malam?"

"Ina kake zato? A coci, a bencin baya, ina ɓuya kada shugaban jam'iyya ya gan ni, ka san jam'iyya ba ta son coci. Shi ma yana ɗaya bencin yana ɓuya kada in gan shi. Je ka tambaye shi, zai rantse bai gan ni ba."

Na ce ina son ganin harsasansa. Ya yi dariya, ya kawo akwatin. Guda arba'in da ɗaya. Na juya su ɗaya bayan ɗaya a bakin taga. Duka doguwar alama, ta filin atisaye.

"Me kake nema a gindinsu, Imrich?"

"Ba komai."

"Ka bar abin nan. An kama mai laifi. In ma ba shi ya yi wannan ba, ai ya yi wani."

Daga nan na je gidan marigayin, na roƙi Rozalia ta nuna mini nasa. Ta ajiye mini akwatin a tebur. Su ma duka na filin atisaye.

*

Ranar Alhamis na ci abincin rana a gidan yayata. Hedviga ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yanzu kuma tana duba wuyan rigata idan na shigo. Ta zubo mini halushki, 'yan curin dankalin nan namu, da cuku da soyayyen kitse, ta cika kwanon har yana zuba.

"Ci. Ka rame kamar karyarka. Wannan ma," ta nuna mijinta da cokali, "kwana huɗu ke nan yana wasa da abinci. Mutuwar Alojz ta taɓa shi. Tare suka yi makaranta."

Vendel bai ɗago ba. Mutum ne mai manyan hannuwa da ƙaramar murya. Shi ya ɗauko ni a bayansa daga Baƙin Rafi shekarar da aladen daji ya farke mini cinya.

Da muka gama na bi shi rumfar aikinsa. Abin matsin yana kan benci, an rufe shi da buhu. Gwangwanaye suna jere a kan shiryayye.

"Shvagor," na ce, kamar yadda muke kiran mijin yaya, "waɗanda kake yi da kwansona, ka taɓa ba wani?"

"Haba! Ni mahaukaci ne?" Ya amsa kafin ya yi tunani, da zafin mutumin da aka zarga da cin amana. "Duk wanda ya juya gindinsu zai ga ba na filin atisaye ba ne. Cyril bakinsa ba ya rufuwa, Alojz kuwa ma'aikacin gwamnati ne. Su tambaye ni bindigar wa, in ce me? Shekara goma sha biyu ban bar ko ɗaya ya fita daga hannuna ba. Ni kaɗai nake harba su, don kada a kai gare ka."

Na ga lokacin da ya ji abin da ya faɗa.

Na fito da akwatin ashana na buɗe masa. Ya duba. Bai taɓa ba.

"A ina?"

"Jikin wani ɗan itace. Na san barewa ka harba. Na san ba ka gan shi ba."

Ya zauna a kan kujerar aikinsa. Can ya ce, "Wa ya gani?"

"Ni kaɗai."

"Imrich, in ka kai wannan, sai ka kai bindigarka. Ba za su gane komai ba sai da ita. Aikinka ya tafi, wataƙila ma a ɗaure ka. Ga Hedviga."

"Gejza fa?"

"Za su sake shi. Ba su da hujja. Bindigarsa ba ta tashi, za su gwada su gani."

"In ba su gwada ba?"

Daga cikin gida Hedviga ta ɗaga murya tana tambaya ko za mu sha kofi.

Na ba shi kwana biyu ya je da ƙafarsa. Na ce masa haka ya fi masa sauƙi a gaban alƙali. Wannan gaskiya ne, amma ba don shi kaɗai na ba da kwanakin ba. Ranar Juma'a na yini ina gyara shinge da ba ya bukatar gyara. Na hango Etela ta wuce zuwa tashar bas da ƙullin abinci, na shige bayan rumfa har ta yi nisa. Da yamma ta dawo da ƙullin a hannunta.

Vendel bai je ba.

*

Ranar Asabar aka binne Alojz. Bayan maƙabarta aka taru a babban ɗakin mashaya don cin abincin makoki. Maharba suna teburi ɗaya da korayen rigunansu, Rozalia da danginta a ɗaya, Korda ma ya zo ya zauna kusa da ƙofa. Ana zuba barasar slivovica, ana cewa Allah ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Wani ya ce an ji Gejza ya amsa laifinsa. Wani ya ce da ma a bar mana shi kwana ɗaya.

Na shigo da buhu a hammata. Na je teburin Korda na kwance shi. Kowa ya juyo da ganin bindigar.

"Wannan tawa ce, Kwamared Laftana. Ba ta da takarda. Ku rubuta."

Na ajiye kwanso uku daga gwangwanina, na ajiye ɓallin tagullar kusa da su. Na faɗi inda na same shi, na faɗi barewar da reshen. Na ce wa Cyril ya fito da harsashi ɗaya daga aljihunsa. Korda ya jera su a tafin hannunsa, ya matsa kusa da taga, ya daɗe yana dubawa.

"Tabon ɗaya ne da naka," ya ce. "Ke nan kai ka harbe shi?"

"Bindigata ba ta harba irin wannan. Kwanson nawa ne kawai. Wani ne ya mai da shi harsashi."

Babu wanda ya tambayi wa. Kowa a ɗakin ya san abin matsi ɗaya ne a ƙauyen. Cyril ya yi saurin cewa, "To ai Vendel yana yi wa mutane da yawa, ko ni..."

"A'a." Vendel ne. Ya miƙe, ya dafa teburi da hannu biyu. "Waɗannan ban taɓa ba kowa ba."

Hedviga ta riƙo gefen rigarsa. "Zauna. Ka sha da yawa. Vendel, zauna mana."

"Barewa na hanga. Ba ni da izinin harbi ranar, na ce wa zai sani, kowa yana coci. Na harba, sai na ji mutum ya yi ƙara."

Rozalia ta taso daga teburinta. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"Da ransa ka same shi?"

"Da ransa."

"Ya gane ka?"

"Ya gane ni. Ya ce, ba komai, tsautsayi ne, je ka kira mutane su kawo abin ɗauka. Ya ce, Vendel, yi sauri."

"Sai me?"

"Na sauko da gudu. Wallahi da gudu na sauko, Rozalia. Na kai gada, na hango mutane suna fitowa daga coci, duk ƙauye. Na ga jini a hannuna, ga bindiga a kafaɗata. Na ce bari in shiga gida in ajiye ta tukuna. Na shiga. Na wanke hannu. Hedviga ta dawo ta ɗora miya. Sai na zauna na ci."

Likita ya riga ya faɗa mana cewa Alojz ya kai yamma kafin ya cika. Kowa a ɗakin ya tuna da haka.

Da Korda zai fita da shi, Hedviga ta biyo ta gabana. Ta tsaya, ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Na ɗauka mari za ta yi. Ta ce, "Jiya-jiya ka ci abincina," ta wuce. Shekara tara ke nan, ba ta ƙara yi mini magana ba.

*

An ɗaure Vendel shekara shida. Ni an karɓe bindigar, an kore ni daga aikin daji, an yi mini ɗaurin talala.

Gejza kuwa ranar Litinin aka sako shi. Babu wanda ya je tarbarsa sai matarsa. Ina zaune a bakin gada lokacin da suka sauko daga bas, ba don na shirya ba, ko kuma na shirya, ban sani ba. Yana tafiya a hankali, kansa a karkace, an toshe masa kunnen hagu da auduga. Ya tsaya a gabana.

"An ce kai ka fitar da ni, Ujo."

"Haka aka ce."

"Me? Juyo ta nan, wannan ba ya ji."

Na koma ta damansa na maimaita.

"An ce har bindigarka ka ba su." Ya gyaɗa kai, yana kallon ruwa. "Yaushe ka gano abin?"

Da na ce Alhamis, babu wanda zai ƙaryata ni. Ranar ce Vendel ya faɗa da bakinsa.

"Talata," na ce.

Ya ɗaga hannu ya taɓa audugar da yatsa ɗaya, a hankali.

"Wannan ranar Juma'a suka yi mini shi."

Etela ta kama hannunsa, suka haye gadar.